Madubi Mai Ɗigo Huɗu

Tun kafin wani ya riga ni, bari in faɗa da bakina: wawan labarin nan ni ne, kuma har in koma ga Allah ba zan manta da shi ba.

Shekarar da 'yata ta fari take da tsohon ciki ne. Bayan sallar Juma'a, a ƙofar masallacinmu na unguwar Tremont, a nan Amurka inda nake tuƙin tasi, na yi wa jama'a albishir cewa ranar suna, ban da rago, kowa sai ya ci naman barewa harbin hannuna. Wani abokina ɗan Nijar, mai sayar da jakunkuna a bakin titin Canal Street, ya ce, "Alhaji, barewa fa ba fasinja ba ce, ba ta tsayawa don ta ga tasi." Na tuna masa ubana maharbi ne, adakarsa ta ciyar da gari guda. Gaskiya ne kuwa. Abin da ban faɗa ba, ni jakar albarushi kawai na taɓa riƙe masa.

Mijin 'yar tawa yakan je farauta arewacin jiha duk hunturu, lokacin da hukuma ke buɗe daji ga masu bindigar ɗuri. Shi ya kai ni na yi kwas na karɓi lasin, ya ara mini bindiga. Ta baki ake ɗura ta kamar adaka, harbi ɗaya tak, sai dai ana ɗora mata madubin hange. Ya ce mu je in zaɓi wanda ya dace da idona.

A wani kanti can bayan gari aka jera mini guda uku. Na leƙa na farko, layi biyu ne kawai suka gitta juna. Na ce wannan na talakawa ne. Na ukun kuwa, ƙasan mahaɗar layukan akwai ɗigo huɗu a jere. Mai kanti ya yi ta zuba Turanci, surukina na fassarawa: "Baba, harsashin nan nauyi gare shi, in ya yi nisa sai ya sunkuya. Mahaɗar ta abin da ke kusa ce, kowane ɗigo na ƙasa ƙarin nisa ne. Amma sai mun je fili kun gwada a takarda."

Na ce, "Takarda? A gidanmu ba a ɓarnar albarushi a kan abin da ba a ci."

Ni da na tsaya a aji huɗu, sai na yi nawa lissafin. Tunda ɗigon ƙarshe ke kai harsashi nesa, ai shi ne mafi ƙarfi, kuma dattijo kamata ba ya harbi da ƙaramin ɗigo. Yaron ya buɗe baki, kunyar suruki ta rufe masa shi.

Aka haihu ran Talata, Asabar da hantsi muna daji, ƙanƙara har idon sawu. Sai ga barewa, ƙatuwa, kusa da mu ƙwarai, ko takalmi na jefa zai same ta. Na manna ido a jikin madubi. Surukina ya raɗa, "Baba, ku ɗan ja fuska baya." Na harare shi da ɗaya idon, na ɗora mata ɗigon ƙarshe, na yi bisimilla.

Da hayaƙi ya washe sai na ga abu uku. Reshen bishiya ya faɗo daga sama. Barewa na tsaye tana kallona kamar ta san ubana. Ni kuma ina zaune daɓas, jini na bin hancina, don da bindiga ta tokaro, bakin madubin ya sare mini gira. Kafin in lalubo albarushi, ta juya ta tafi abinta, ko gudu ba ta yi mini ba don girmamawa.

Ɗinki biyar aka yi mini. Ranar suna jama'a sun ƙoshi, don ashe tun ranar da na yi albishir matata Hajiya ta sa mahauci ya ajiye rago na biyu. Ɗan Nijar yana suɗar ƙashi ya ce, "Alhaji, barewar Amurka akwai ɗanɗanon rago!"

Yau na san harbi ba a gadonsa a jini, kuma wanda ya ce ka gwada ba raina ka ya yi ba. Amma ranar ban sani ba tukuna. Da baƙi suka watse na gyara murya, na ce madubin nan jabu ne, gobe zan mayar musu da kayansu.

Hajiya ko ɗagowa ba ta yi daga kwanukan da take haɗawa ba. Ta ce, "A'a Alhaji, bar shi. Ku uku kuka shiga daji, kai da bindiga da madubi, madubin kaɗai ya samu nama."