Gishirin da Ake Yayyafa wa Ruwa

Shekara biyar ke nan da rasuwar Ilyasu, ɗan goggona kuma abokin wasana. Kafin in yi nisa, gara in amsa cewa wasu abubuwan sun dushe a kaina. Ban tabbata ba ko kafin azumi aka fara aikin da zan ba da labarinsa ko bayan salla, kuma akwai maganganun da ban sani ba ko da kunnena na ji su ko daga baya aka faɗa mini. Abin da na gani zan ce na gani. Wanda zato ne zan kira shi zato, don na san zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya.

Waɗanda suka zauna unguwar Zango ta nan Wagadugu a farkon shekarun dubu biyu za su tuna siber ɗin da ke bayan masu atamfa, inda ake biya a zauna gaban ordinata, wato kwamfuta. Tare muka yi jami'a da Ilyasu, ni tarihi, shi ilimin na'ura. Da muka gama ba aiki, sai ya kama wani lungu a siber ɗin, shi da abokinsa Bubakar mai zane, suka ce wasan bidiyo za su ƙirƙira. Ba na ƙwallo ba, ba na dambe ba. Na fatake.

Mai wasa shi ne madugu. Zai ɗauko goro daga Gwanja a kan jakuna, ya ratso ta Wagadugu ya nufi ƙasar Hausa, kamar yadda kakanninmu suka yi kafin su yada zango a nan su zauna. Mahaifiyar Ilyasu, Goggo Rabi, goro take sayarwa tun muna yara, kuma a bakin tirenta ya koyi dokokin wasan. Duk garin da ayari ya sauka, dole mai wasa ya kwance huhu, ya tsince wanda sankara ta ci, ya yayyafa wa ganyen ruwa, ya sake ɗaurewa. Ruwa ya yi kaɗan, goro ya bushe. Ya yi yawa, ya ruɓe.

Ni yake kira in gwada masa. Don ba na iya faɗin magana kai tsaye, ya laƙaba mini suna.

"Malam Wataƙila, zo ka ja ayari."

Kafin gari na uku duk kayana sun ruɓe. Ya yi dariya har da buga tebur. "Wallahi da kai ne madugun kakanninmu, da ganye kawai suka iso da shi Wagadugu!"

Wata ƙungiya daga waje ce ta ba su ordinata sabuwa, ta kuma turo wani Bature mai gemu ya riƙa duba aikin. Ba zan kama sunan ƙungiyar ba, don ban da hujja a kanta. Bayan wasu watanni Baturen ya ce an dakatar da aikin. Dalilinsa, kamar yadda Ilyasu ya faɗa mini, shi ne ba wanda zai zauna yana shayar da goro a na'ura. Sai an sa faɗa, sai an sa gudu. Ilyasu ya ce fatauci haƙuri ne, ba zai mai da kakanninsa 'yan bindiga ba. Aiki ya tsaya. Ordinatar ta koma ɗakin Bubakar. Ba a daɗe ba zazzaɓi ya kwantar da Ilyasu, kuma kwanciyar da bai tashi ba ke nan. Allah ya jiƙansa.

A wurin zaman makoki na ji abin da har yau yake ci mini rai. Mutane suna cewa, a gaban Goggo, "Yaro mai hankali, sai dai wasa ya cinye masa lokaci." Ba da mugunta suka faɗa ba, ina jin. Amma maganar ta zauna. Shi kaɗai ne ɗanta da ya yi karatu mai zurfi, bai yi aure ba, bai bar ɗa ba, kuma unguwa ta yanke cewa bai bar aiki ba. Da wannan take zaune shekara biyar.

A watan da ya wuce motona, wato babur, ya lalace a unguwar Paspanga. Ina jiran mai gyara, sai na fake wa rana a wani shagon wasan bidiyo. A fuskar wata na'ura na ga raƙuma cikin hamada, 'yan fashi suna bin su da bindiga. Mai shagon ya ce sabon wasa ne daga waje, ayarin gishiri ake kaiwa kasuwa. Ban damu ba, sai da ayarin ya shiga gari. Madugun ya durƙusa, ya kwance kaya naɗe da ɗanyen ganye, ya tsince wasu ya yar, ya ɗauki ƙwarya ya yayyafa ruwa.

"Me yake yi?" na tambaya.

"In ba ka ba shi ruwa ba, gishirin lalacewa yake yi."

"Gishiri?"

Ya ɗaga kafaɗa. "Haka wasan yake, maigida. Kowa ya tsani wurin nan, amma ba a iya tsallake shi."

Na fara dariya, sai na tsaya. Wa ke yayyafa wa gishiri ruwa? Ina aka samu ɗanyen ganye a tsakiyar hamada? Na sayi faifan, na juya kwalinsa gaba da baya. Sunan wani kamfani ne na ƙetare, babu sunan kowa namu.

A nan ya kamata in yi hattara. Mai yiwuwa ne wasu can su ma sun yi tunanin ayari. Hanya ba ta mutum ɗaya ba ce. Ni kuma ba masanin na'ura ba ne, ban iya buɗe cikin faifai in ce ga hannun wane ba. Sai dai biri ya yi kama da mutum. A ganina, wanda ya mai da jaki raƙumi, ya mai da goro gishiri, bai san dalilin ruwan ba, shi ya sa ya bar shi.

Na je unguwar Kossodo, inda Bubakar yake zana wa wata masana'anta tambarin kaya. Ya karɓe ni hannu bibbiyu, ya aika a sayo mini zoɓo mai sanyi, wanda muke kira bisap. Bayan gaisuwa na ce, "Bubakar, ina ordinatar marigayi?"

"Ikon Allah! Shekara biyar ba ka tambaya ba sai yau? Ko ka shiga jandarma ne ba mu da labari?"

"Tambaya ce kawai."

"Wuta ta ƙone ta tuntuni. Na ba masu gyara su cire abin cirewa."

Muka yi ta hira. Can ya ce, kamar wanda ya tuna, ai Baturen ya kwafi komai a faifai kafin ya tafi. Da na miƙe zan tafi, ya rako ni bakin ƙofa ya ce, "Ni dai ka sani, ban taɓa zana raƙumi ba."

Ban yi masa zancen raƙumi ba. Hausawa na cewa mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Amma adalci ya sa in ƙara da cewa wasan yana shaguna da yawa a garin nan, yana iya yiwuwa ya gan shi kamar yadda na gani, shi ma abin yana damunsa. Ban ce ya sayar ba. Ban ce bai sayar ba.

Nakan tambayi kaina me Ilyasu zai ce da yana nan. Ina jin zai fara ƙyalƙyala dariya a kan gishirin, don shi mutum ne da wauta ke ba shi nishaɗi. Bindigogin ne za su ɓata masa rai. Ko zai nemi a hukunta wani, ban sani ba. Abin da na fi zato shi ne zai ɗauki faifan ya kai wa mahaifiyarsa, ya ce ta duba ko sun ɗaure huhun daidai.

Labari ba ya ɓuya a Zango. Ranar Juma'a Goggo ta aika a kira ni. Idonta ya yi rauni yanzu, da hannu take gane goro mai kyau. Ba ta kama sunan Ilyasu, ɗan fari ne.

"An ce aikin abokin wasanka ya fita har ƙasar Turawa."

"Goggo, ana dai bincike."

"Kai kullum ana dai. Ni ba kotu nake nema ba, ɗan nan. Ka ce mini i ko a'a, in san abin da zan faɗa wa matan kasuwa."

In na ce i, alhali ba haka ba ne, na yi wa tsohuwa ƙarya a kan mamacinta, na kuma shafa wa Bubakar baƙin fenti. In na ce a'a, alhali haka ne, na sake binne shi da hannuna.

Kabarinsa ya lafe, siber ɗin an rufe shi, ordinatar an ce ta ƙone. In zatona daidai ne, abin da ya rage na Ilyasu shi ne wannan ɗan lokaci da wasan ke tilasta wa mai gaggawa ya ajiye bindiga ya kula da kayansa. Ba ƙaramin gado ba ne, amma gado ba suna, na wa ne?

Saboda haka nake roƙo. Duk wanda ya taɓa jan ayarin goron nan a lungun siber ɗin, ko ya ga ranar da aka fita da ordinatar, ko ya san inda na yi kuskure, ya aiko da gyara ta hannun wannan jarida, ko da gyaran zai rushe duk abin da na rubuta. Bubakar ma ƙofa a buɗe take gare shi. Shaida ɗaya tak nake nema bayan tawa kafin in koma wurin Goggo. Sai dai a hanzarta. Ta tsufa, kuma amsa take jira.