Takardar da ba mu muka rubuta ba

Jama'a, akwai kwana uku a rayuwata da nake fatan a dawo mini da su, kuma ni na zubar da su da hannuna. Wallahi abin da zan faɗa muku ya faru da ni.

Lokacin mulkin farar hula na biyu ina ɗinki a kasuwar Bodinga, rumfa ɗaya da abokina Ummaru, mutum mai ban dariya, Allah ya ji ƙansa. Da abubuwa suka tsananta, yadi ya yi tsada, sai mu wuni keken ɗinki bai motsa ba. Don rage zaman banza Ummaru ya yayyanka takardar awo, muka rubuta 'yan maganganu muka zuba a gwangwanin maɓallai. Wata ta ce "Tahi", wata "Zamna", wata "Tambayi matarka", wata "Kai dai ci abinci". In mun rasa ko fura za mu sha ko rogo za mu saya, sai a girgiza a zaro. Wasa ne kawai, har maƙwabta kan zo a zaro musu a yi ta dariya.

Ni ne ɗan fari wurin Innata, tana zaune a Mandera ta ƙasar Shagari. Kun san kunyar ɗan fari. Tun da aka haife ni ba ta taɓa faɗin sunana ba, "wancan" take cewa, in na je gaishe ta sai ta amsa tana kallon bango. Amma duk zuwa sai na tarar da ƙullin daddawa a jakata, ba ta kuwa taɓa yarda ita ta sa ba.

Ana saura kwanaki Sallah, aiki ya ɗan samu, sai wani mai albasa ya kawo saƙo daga ƙanwata Hajo, wai Inna ba ta jin daɗi, amma ta ce kada a tayar wa kowa hankali. Ni da na san halinta ya kamata in gane, matar da ba ta iya faɗin sunana yaya za ta ce in zo? Amma rigunan mutane na gabana, sai na ce wa Ummaru ya girgiza.

Ya ce, "Haba tela, wagga ba ta gwangwani ba ta. Uwa hwa!"

Na ce, "Kai dai girgiza, matsoraci."

Aka zaro "Zamna". Na ji daɗi, don abin da nake so ke nan. Na zauna kwana uku ina taka keke.

Ran na huɗu da hantsi zuciyata ta ƙi kwanciya, na sa hannu a gwangwanin na zaro da kaina. Da na warware sai na ga sunana na yanka, wanda ko a kasuwa ba mai kirana da shi, a ƙasansa an rubuta "Taho". Takardar awo ce irin tamu, amma rubutun ya karkace kamar na mai koyo. Na ce Ummaru ya bar wasan banza. Ya karɓa ya duba, sai ya ce:

"Na rantse da wanda yay yi ni ba ni nar rubuta ba. Tashi ka tahi, ni ina ƙarasa ma rigunan."

Na ari keken hawa, ban tsaya ko shan ruwa ba sai Mandera. Na tarar da Inna kwance, ta rame ƙwarai. Na durƙusa na gaishe ta, ta juya wajen bango kamar kullum, ta yi magana da Hajo.

"Ce ma wancan sau guda nik kira shi, ɗazu da hantsi da kit tahi rijiya. Kada shi sa rai in ƙara."

Hajo ta yi dariya tana hawaye, ta ce, "Inna, sunan nashi kika hwaɗi?"

Ta ce, "Rufa min baki, marar kunya. Ba shi ruwa, ya sha hanya."

Ta miƙo hannu ta baya, ba ta waiwayo ba, na riƙe. Washegari bayan azahar Allah ya karɓi abarsa. Inna ba ta san ko baƙi ɗaya ba, na boko ko na ajami, kuma har yau in na tuna karkatattun baƙaƙen nan sai tsigar jikina ta tashi. Ban san wanda ya rubuta ba, na kuma daina tambaya.

Yanzu ina ganin jikokina suna latsa waya ta zaɓar musu abin yi, suna ta dariya. Ku yi wasanku a kan fura da rogo, ban hana ba. Amma don Allah in aka ce mahaifiyarku ba ta jin daɗi, kada ku tambayi komai, ku sa takalmi.