Tabar Da Na Ɓoye A Huhun Goro

Malam Edita, ina yi maka sallama, kuma a gafarce ni, ba zan faɗi sunana ba, ba zan kama sunan kowa ba. Waɗanda abin ya shafa suna raye, wasunsu har yau sahu ɗaya muke sallah.

Lokacin da abin nan ya faru na ba hamsin baya, ina zaune a gidana a Yalwawa cikin Dutse, na ajiye fatauci. Tun ina saurayi goro ne sana'ata. Na zauna a Shagamu har Yarbanci ya kama bakina, na yi shekaru ina kai da kawowa tsakanin Kumasi da Abijan, na tsinci Asantanci da Faransancin kasuwa, Larabcin da na taso da shi a makarantar allo kuwa a Sudan da Jidda na gyara shi. Da aka ba mu jiha sai na ce yawo ya isa haka, na dawo gida. Ana ganin girmana. In an yi baƙon da ba ya jin Hausa ni ake aikowa a kira, in za a nema wa yaron unguwa aure ni ake sawa a gaba.

Duk yawon nan ban taɓa sa karan sigari a bakina ba. A tafiyata ta ƙarshe zuwa Abijan ne wani Kwara, Balarabe ɗan kasuwa, da muka daɗe muna hulɗa ya yi mini liyafar bankwana, bayan an ci abinci ya fito da wani akwatin katako mai ƙamshi. A ciki akwai tabar nan ta manyansu da suke kira sigar. Ganyen taba ne zalla aka naɗe da hannu, wata kaurinta ya kai babban yatsa, babu takarda babu auduga. Na ce masa ni ba na sha. Ya yi dariya ya ce ai wannan ba ta 'yan tasha ba ce, ba a haɗiye hayaƙinta, a baki ake juya shi a fesar. Ya ce sabon shiga kada ya kuskura ya ɗauki baƙa, za ta juya masa kai har ya yi amai. Siririya zai nema mai hasken jiki, mai launin shayi da madara, ya ɗan matsa ta da yatsa, in ta lotsa ta dawo lafiyarta ƙalau, in ta yi ƙara ta bushe. Ya zaɓo mini ɗaya ya ce wannan mai sauƙi ce, ko limamin garinmu ya sha ba zai yi tari ba. Yau na san sauƙin nan shi ne ƙofar shiga, amma ranar karɓa na yi, kuma ta yi mini daɗi. Ya haɗa ni da akwati guda da gargaɗi ɗaya, cewa tabar nan ba ta son bushewa kuma ba ta son jiƙa, ɗan soso mai danshi a cikin murfin akwatin ya ishe ta. Shi a bakin teku yake zaune, inda iska kanta da laima take tafe. Bai san Dutse ba.

Da na dawo, jefi-jefi nake sha, a gonata ta bayan duwatsu, bayan la'asar, ni kaɗai. In ta kusa ƙarewa wani tsohon abokin fatauci ya riƙo mini wata. Ko maiɗakina ba ta sani ba. Malaman da na taɓa ji a ƙasashe sun saɓa a kan hukuncin taba, amma na san a garinmu dattijo da hayaƙi a baki abin kunya ne. Matsalata ajiya ce. Bazarar farko soson nan kafin azahar ya ƙeƙashe, tabar ta tsattsage, in na taɓa ta sai ta marmashe kamar busasshen zogale. Na kai akwatin gindin randa, ta yi fumfuna. Firji kuwa wuta ba ta tsayawa, ga yara suna buɗewa. Sai wata rana ina gyaran goro dabara ta faɗo mini. Ai goro ma halinsa ke nan, in ya bushe ya yanƙwane, in ruwa ya yi masa yawa ya ruɓe. Shi ya sa muke shimfiɗa ganyen fita, mu jera goro, mu lulluɓe, mu ɗaure da algarara, mu riƙa yayyafa ruwa kaɗan-kaɗan. Wannan ƙunshin shi ne huhu, kuma ko da na bar fatauci ɗakina bai taɓa rabuwa da ɗan ƙaramin huhu ɗaya ko biyu ba. Sai na naɗe tabar a farin ƙyalle, na ɗaure da zare, na cusa a tsakiyar huhu. Wallahi ta zauna lumui, shekara da shekaru. Har a raina nake cewa Kwara da akwatinsa bai kai Bahaushe da huhunsa ba.

Ɗana na fari ma'aikacin asibiti ne a Taura. Can ya ga 'yar wani malami mai makarantar allo, yana son ta tana son sa, aka yi bincike ta kowane ɓangare aka gamsu, aka tsayar da ranar da za mu kai goron sa rana. Shekarar ce aka ƙaddamar da shari'a a jiharmu. Na yi murna da ita kamar kowa, kuma har gobe ina yi. Amma a 'yan watannin nan akwai mutanen da suka ɗauka shari'a ta zo ne don su sa wa maƙwabci ido, ba don su duba kansu ba.

Kowa ya san uban yaro ba ya zuwa kai goro, ƙannensa ke zuwa. Na shirya huhun da za a kai na ajiye shi a bakin ƙofar ɗaki, nawa mai taba yana can ƙurya. Da safe aka aiko an yi rasuwar wani tsohon abokina a Garki, na tafi jana'iza. Maiɗakina ta shiga ɗauko goro, ta buɗe bakin huhunan biyu, ta ga na ƙurya ya fi kyau da sheƙi. Dole ya fi, tunda shi nake lallaɓawa kullum. Ta ce ba za a kai wa gidan malamai na biyu ba alhali ga na ɗaya. Ta ba ƙanena, suka tafi.

Ƙanena ne ya ba ni labarin abin da ya biyo baya. Zaure ya cika, an yi addu'a, baffan yarinya ya kwance huhu ya zura hannu zai fara rabo, sai ya zaro farin ƙunshi ɗaure da zare. Aka kwance, ga wasu abubuwa kamar yatsu, babu wanda ya taɓa ganin irinsu. Wani daga cikin manyan ɗaliban malam ya sansana ya ce wiwi ce ta masu kuɗi. Kafin a ce haka magana ta shiga cikin gida, tsofaffin mata suka ce wane irin wiwi, farin ƙyalle da zare a cikin goron aure ai sammu ne, so ake a ɗaure yarinya. Ƙanena ya yi ta rantsuwa bai san da abin ba, rantsuwar tasa kuma ta ƙara ɓata lamarin, don ta nuna ɓoye shi aka yi. A motar da aka kai goron a ita aka dawo da shi.

Abin da ya fi ƙona mini rai, Malam Edita, har yau in na tuna sai na ji zuciyata tana tafasa, babu mutum ɗaya da ya zo ya tambaye ni. Ko ɗaya. Mutanen da suka shekara suna cin gorona, waɗanda na yi wa tafinta a asibiti, waɗanda na nemo wa 'ya'yansu aure, za su gaishe ni da Alhaji an tashi lafiya, ina ba da baya a ce dama yawon duniya ba ya barin mutum haka. Wani ya ce ya daɗe yana ganin idona ja. Wani ya ce a Abijan na shiga ƙungiyar asiri, shi ya sa na yi gida da wuri. Na zauna da Asantawa, in an zargi mutum a tsakaninsu sai a kira shi gaban dattawa a ce ga abin da aka ce, me ka ce. Na zauna da mutanen Sudan, su har ƙofar gida za su same ka su zazzage maka abin da ke cikinsu, sannan a sha shayi. Mu kuwa da muke cewa shari'a ta zo, shari'ar da ta ce mai zargi ya kawo hujja, muka yanke wa mutum hukunci a bakin masallaci ba tare da an ji ta bakinsa ba.

Maiɗakina ta yi kuka ta ce ita ta jawo, na ce ba ita ba ce. Ɗana ya zo ya durƙusa, na faɗa masa gaskiya duka. Bai ɗaga murya ba, bai ma ɗaga kai ba. Ya ce Baba, abu ɗaya yake roƙo, in je Taura da kaina.

Na ajiye kunya na tafi, da tabar a aljihu. Malam ya karɓe ni da mutunci, ya sa aka shimfiɗa mini buzu, ya kira ƙaninsa, wato baffan yarinya, da ɗalibin nan da wasu dattawa. Na ɗauki guda na warware ta a gabansu ganye bayan ganye, na miƙa wa kowa ya duba. Wani tsoho da ya yi noman taba a fadama ya murza ya sansana ya ce wannan taba ce, babu ko tantama, sai dai an iya shanya ta. Baffan yarinya ya ce ko taba ce, me ya kai taba goron aure, kuma dattijo da taba ai ba mutumin kirki ba ne. Yana faɗin haka leɓensa na ƙasa a kumbure da garin taba. Sai na ce Allah gafarta malam, ɗan kwalban da ke leƙowa daga aljihunsa fa, na mene ne. Ya ce wannan ai asara ce, maganin haƙori, kaka da kakanni aka gada. Na ce to tawa yayarta ce, uwa ɗaya uba ɗaya, ita dai ta yi tafiya ne. Dattawa suka yi dariya, har malam ya murmusa. Na ga furen taba ma a haƙoran tsohuwar da ta leƙo ta kawo ruwa, amma wannan na haɗiye. Na ɗauka magana ta ƙare.

Malam ya sallami kowa muka rage mu biyu. Ya ce Alhaji, ya yarda ba wiwi ba ce, ya yarda ba sammu ba ne, kuma tun ranar farko zuciyarsa ba ta kama ba. Sai ya tambaye ni, in abin ba shi da aibi, me ya sa ko maiɗakina ba ta san da shi ba. Sannan ya ce ni na warware ganye a zaurensa, amma shi ba zai iya bin Taura gida-gida yana warware ganye ba. Uwar yarinya ta rantse ba za a yi auren ba, iyayen ɗalibansa suna kallo, in ya ba da 'yarsa za a ce malam ya sayar da ita ga gidan masu asiri. Ya ce in yi haƙuri, Allah bai ƙaddara ba.

Na yi haƙuri, amma ban yarda ba, kuma har yau ban yarda ba. Jahili in ya bi jita-jita ana yi masa uzuri. Mutumin da ya san gaskiya, ya faɗe ta da bakinsa a ɗaki, sannan ya fito ya bi bayan masu ƙarya don tsoron bakinsu, wannan ban san sunan da zan ba shi ba. Da ya miƙe ranar Juma'a ya faɗi abin da ya faɗa mini, da an wuce wurin. Yara biyu da ba su ji ba su gani ba aka raba. A hanyar dawowa na tsaya na watsar da sauran tabar a wani kududdufi, ban kuma sake taɓa ta ba. Yarinyar ta auri wani. Ɗana ya nemi canjin wurin aiki, ya daɗe bai sake maganar aure ba.

Abin da nake so masu karatu su ɗauka, musamman 'yan'uwana dattawa da matasan da ke fita waje suna dawowa da sababbin ɗabi'u, kada wanda ya ruɗe ku da cewa wannan mai sauƙi ce. Da mai sauƙin ake farawa, ba jiki kaɗai take ci ba. Kuma duk abin da sai ka nemo masa maɓoya a cikin gidanka, ka sani ba kai za ka zaɓi ranar da zai fito ba, ba kuma lalle kai zai fara kayarwa ba. Ku kuma masu jin magana ku ɗauka, ƙofar mutum ba ta da nisa. Ku je ku tambaye shi.

Bayan shekaru ɗana ya sami wata, Allah ya yi musu albarka, ina da jikoki. Da ranar kai goronta ta zo, na ce akwai mai kyau a ɗaki. Ya ce Baba, in bar shi, ya riga ya saya a kasuwa. Ya kawo shi tsakar gida ya kwance, ya zazzage shi kan tabarma har ƙasa, ya duba ganyen ɗaya bayan ɗaya, sannan ya mayar ya ɗaure da hannunsa. Ina zaune a wurin. Ni da na yi shekara talatin ina ɗaura huhu, ranar kallo ne nawa.