Hoton Inna da Na Rage wa Nauyi

Ranar kasuwar Gaya ce, a kakar shekarar da na shiga aji shida, mako biyu bayan mun gama yankan gero. Baba ya goyo ni a babur tun daga Kademi, ya sauke ni a bakin rumfar wani mai gyaran waya, shi kuma ya wuce sayo alli da littattafai na Islamiyyar da yake koyarwa. Janareto na ta ruri a bayan rumfar, hayaƙinsa na gauraya da ƙamshin ƙosai. Ina tsaye da 'yar wayata mai maɓallai, wadda murfin bayanta ya tsage na ɗaure shi da kyauro. Damuwata ɗaya ce a duniya ranar: wayar ta daina ɗaukar hoto. Da na danna sai ta rubuto wani Turanci, ta ƙi.

Wayar ta Yaya Auwalu ce, babban wana. Da zai tafi ci-rani kudu ya bar mini ita, ya ce in riƙa ɗaukar masa hotunan gida, idan ya dawo ya ga abin da ya wuce shi. Na kuwa riƙe aikin da gaske. In na kai awaki kiwo na ɗauke su suna miƙewa a jikin ƙaya. In mun je roron gyaɗa na ɗauki tulin da na tara. Na ɗauki abokaina suna langa a filin makaranta, ƙafa ɗaya a hannu, na ɗauki ƙwallon tsummarmu, da layin jarkoki a bakin rijiya, da rumbunmu ranar da aka yi masa sabon jinka. Baba ba ya son abin. Ya kan ce, "Abin da idonka ya gani ai ya ishe ka," amma bai taɓa ƙwace wayar ba.

Inna ce ta fi ba ni wahala. Da ta hango na ɗaga waya sai ta ja gefen ɗankwalinta ta rufe fuska, ta ce, "Kai Nasiru, raba ni da shiririta." Ina da hotunan bayanta tana daka, da na hannunta tana kwasar tuwo, amma fuskarta sau ɗaya tak na samu. Tana shiƙar gero a bayan gida da hantsi, na laɓaɓa na kira ta da ƙarfi kamar wani abu ya faru. Ta waiwayo a firgice, ta gane wayona, ta fashe da dariya, ni kuma na danna. Komai ya fito: wushiryarta, kwallin idonta, ƙaiƙayin da ya maƙale a girarta, da 'yar tsagar kuncinta na hagu irin ta gidansu a Gafasa.

Mai gyaran ya zare memorin wayar ya sa a kwamfutarsa, ya ce, "Ɗan Malam, ai cika ya yi. Ko ka goge rabin hotunan, ko in rage musu nauyi, duk su zauna har ka samu wurin wasu." Na tambaye shi ko za su lalace. Ya rage ɗaya ya mayar cikin wayar ya miƙo mini, ya ce in duba da idona. Na duba. A kan 'yar fuskar wayar nan da ba ta fi akwatin ashana ba, ban ga bambancin komai ba. Ya rage su duka, sannan ya ɗago kai ya ce, "Manyan na asali fa, in goge?" Na ce e, ya goge. Ko numfashi ban ja ba kafin in amsa. Na koma gida ina murna, har na ɗauki bayan Baba a kan hanya.

Da bazara Inna ta kwanta. Zazzaɓi ne da farko, sai ciwon ciki, aka kai ta asibiti aka dawo da ita. Kwana tara ta yi, ta rasu ranar Juma'a da safe. Yaya Auwalu bai samu jana'iza ba. Gidan ya cika da mata daga Gafasa, sannan ya watse, ya bar turmi a kife da murhu babu wuta. Ni na koma ɗebo ruwa da share tsakar gida, kuma kullum in na kai awaki daji sai in zauna a gindin kuka in buɗe hoton, in yi ta kallo har cajin ya ƙare.

Bayan arba'in, wata rana da la'asar Baba ya kira ni zaure. Bai dube ni ba, yana ta jan carbi. Can ya ce, "Hoton nan na mahaifiyarka, yana nan?" Na ce yana nan. Ya ce, "Gobe ma je a wanke shi." Mutumin da ya yi shekaru yana faɗa a kan hoto ne ya faɗi haka.

Mai wankin hoto a Gaya ya buɗe shi a babban allon kwamfuta, ya girgiza kai ya ce, "Malam, wannan an matse shi da yawa, ba zai fito ba." Baba ya ce a dai gwada. Takardar ta fito da ɗumi. Ga ɗankwalin, ga ƙwaryar, ga katangar bayan gida. Amma inda fuska take sai wasu ƙananan gidaje masu kusurwa huɗu, ruwan ƙasa da baƙi, kamar an jera tubala. Ba ido, ba tsaga, dariyar ta zama farin tabo. Baba ya daɗe yana kallo, ya matso da ita kusa, ya nesanta. Ya ninke ta ya sa a aljihu ya ce, "Allah Ya jiƙanta." Na ruga rumfar mai gyara na tambaye shi manyan. Ya ce abin da aka goge tun kaka ai ya tafi, kwamfutar ma ba waccan ba ce. Har Baba ya bar duniya ban iya gaya masa cewa an tambaye ni, ni na ce a goge ba.

Yau ina aiki a wani shagon kwamfuta a Ajingi, kuma rabin aikina rage nauyin hoto ne. Ɗalibai masu rajistar jarrabawa da masu neman aiki su kawo fasfo, in matse shi har shafin intanet ɗin ya karɓa. Ban taɓa goge na asali ba, ko mai shi ya ce in goge. Wayata tana ɗauke da hotuna fiye da yadda zan iya kallo, yawancinsu na 'yata ne, wadda ta ci sunan Inna muke kiranta Ummi.

Bara Ummi ta tambaye ni kamannin kakarta. Na ɗauko ɗan hoton, wanda na yi ta kaura da shi daga waya zuwa waya, na sa shi a manhajar nan da ake cewa tana gyara tsohon hoto. Cikin ƙiftawar ido ta ba ni fuska tas: mace kyakkyawa, haƙora a jere, kunci sumul. Ummi ta rungume wayar tana cewa ta ga Inna. Ban iya ce mata ba ita ba ce. Na goge gyararren hoton washegari, amma na riga na kalla. Tun daga lokacin, in na zauna ina son tuno mahaifiyata, fuskar baƙuwar nan ce ke fara zuwa, sai na yi da gaske nake ture ta, kuma abin da nake samu a bayanta kullum ƙara dushewa yake.

Da ina yaro wurin ajiya na rasa. Yanzu ina da wuri har ya yi yawa, wadda zan ajiye ce babu.