Kwikwiyo a Wurin Sallar Inna

Ranar Alhamis ce, farkon watan Sha'aban, ƙarfe biyar saura kwata na yamma. Mu uku ne a tsakar gidanmu da ke unguwar Harra ta Gabas a Madina: ni, da mahaifiyata da muke kira Inna, da matata tana kwashe shanya. Ƙanena ya turo ƙofa da ƙafa, rungume da kwali. Abin da ke cikin kwalin ya motsa.

"Mene ne wannan?" in ji Inna.

"Amana ce, Inna."

Kwikwiyo ne, ruwan ƙasa, bai wuce sati shida da haihuwa ba. Ƙanena yana aiki a wata gonar dabino a bayan gari, yana ban ruwa yana kula da tumaki, amma a gidana yake kwana. Mota ce ta buge uwar kwikwiyon. Mai gonar yana son karen gadi, ya kuma san in aka bar wannan a can manyan karnuka za su kashe shi, sai ya ce ƙanena ya tafi da shi gida ya rena har bayan Sallah. Mai gonar ne kafilinsa, wanda izinin zamansa a ƙasar ke hannunsa, don haka ƙanena bai iya ce masa a'a ba. Ni kuwa bai tambaye ni ba.

"Karen gadi ne, Yaya. Shari'a ta yarda."

"Ta yarda a gona. Ka ga tumaki a nan?"

"Wata biyu ne kawai."

Tsakar gidan namu taku shida ne a tsaye, huɗu a kwance, an shafe shi da tayil gaba ɗaya. A kusurwa ɗaya akwai magudanar ruwa. A ɗaya ɓangaren, jikin bangon ɗakin Inna, akwai wurin da inuwa ke sauka tun daga azahar. Nan take shimfiɗa darduma ta fuskanci kudu, tun da gwiwoyinta suka hana ta zuwa masallacin Harami sai ranar Juma'a. Ƙanena ya ajiye kwalin. Kwikwiyon ya fito, ya shinshina takalmana, ya ratsa tsakar gidan, ya tsuguna daidai inda Inna ke sa goshinta.

Matata haifaffiyar Madina ce, tana jin Hausa amma da Larabci take amsawa. Da Larabcin ta yanke hukunci: wanki bakwai, ɗaya da ƙasa, haka aka koya musu. Inna ta ce su a Damagaram ruwa suke kwararawa har abin ya gushe, shi ke nan. Na goyi bayan matata. Ba don na fi Inna sani ba. Ina so ne wanda ya kawo karen ya durƙusa ya wanke sau bakwai ina kallonsa.

Sai dai unguwarmu a kan baƙin dutse take zaune, ko ƙasa cikin tafin hannu ba ka samu mai tsabta. Washegari ƙanena ya zo da buhun ƙasa daga gona. Muka jingine shi bayan ƙofa muka ɗaure bakinsa.

Abin da ban lissafa ba shi ne ƙanena yana fita bayan asuba, ba ya dawowa sai bayan la'asar. Wankin ya dawo kaina. In ɗebi ƙasa, in jiƙa, in goga a wurin, in bi da ruwa sau shida. Cikin kwana uku na san lokutan dabbar fiye da yadda nake so in sani: da zarar ya tashi daga barci, da kuma kamar minti goma sha biyar bayan ya ci. Ƙanena ya ce ya gani a waya, wai a ɗauke shi a waɗannan lokuta a kai shi bakin magudana, in ya yi a can a yaba masa da murya mai daɗi.

"Ka ce masa madalla, Yaya. Suna ganewa."

"Ban zo Madina don in yi wa kare madalla a kan fitsari ba."

Na kai shi dai. Sai ya tsaya a bakin magudanar yana kallona, ya cije igiya, ya zauna. Ina sakinsa ya nufi inuwar Inna da gudu. Na ɗaure shi wuni guda, ya yi ta kuka har maƙwabcinmu, wani tela ɗan Chadi, ya buga bango ya tambaya ko gidan ya koma ruga ne. Na tare wurin da kujeru biyu, ya bi ta ƙarƙashi. Ranar ta takwas na kama shi yana cikin yi, na maka masa silifa a gadon baya.

Inna tana bakin ƙofarta ta ce, "Ajiye takalmin nan. Dabba ce, ba ta san alƙibla ba."

Abin da ya koya daga dukan ɗaya ne: ya daina yi a gabana. Yakan jira in juya baya.

Inna ta koma yin salla a ɗakinta, tsakanin gado da akwatuna, inda da ƙyar take miƙe ƙafa. A tsakiyar watan ta kira mu, ni da ƙanena.

"Ba zan shiga azumi ina shakkar inda nake sa goshina ba. In aka ga wata abin nan bai canja ba, zan koma unguwar Azizya gidan ƙanwarku."

Tun rasuwar mahaifinmu Inna a hannuna take, ni ne babba. Ƙanwata kuma ta daɗe tana neman hanyar ɗauke ta. Na ce da ƙanena ya mayar da karen gobe. Ya ce in ya mayar da shi ya mutu, shi ma ya mutu a wurin mai gona. Na ce to ya zaɓa tsakanin uwarsa da kwikwiyon wani. Ya ce ban taɓa aiki a ƙarƙashin kafili irin nasa ba, shi ya sa bakina yake da sauƙin buɗewa. Daga ranar muka daina cin abinci a kwano ɗaya.

Juma'ar da ta biyo baya yana gida. Mun dawo daga masallaci muka tarar buhun ya faɗi, bakinsa ya kwance, ƙasa ta zube bayan ƙofa. Kwikwiyon ya tashi daga barci, ya miƙe, ya nufi inuwar Inna kamar kullum. Sai ya tsaya a tsakiya, ya ɗaga hanci, ya juya, ya hau kan ƙasar da ta zube ya tsuguna.

Ƙanena ya daɗe yana kallo. Ya je wurin sallar Inna ya durƙusa, ya ja farce a tsagar da ke tsakanin tayil biyu, ya nuna mini jar ƙasa a ƙarƙashin farcensa.

"Yaya, ba wurin Inna yake bi ba. Ƙasa yake bi."

"A ina ka ɗebo ta?"

"Gefen garke. Nan ne mai laushi." Ya kalli kwikwiyon. "Nan uwarsa ta haife su."

Na farko dai tsautsayi ne, inuwa ya nema. Sauran duka mu muka koya masa. Kwana ashirin ina goga ƙasar da aka haife shi a kanta a wuri guda, sau uku ko huɗu a rana, tana maƙalewa a tsagar tayil, kuma a duk gidan babu inda ke warin ƙasa sai nan.

"Duk faɗin gonar nan ka rasa inda za ka haƙa sai makwancin karya?"

"Kai ka ce bakwai, ɗaya da ƙasa. Inna ta ce ruwa."

Na juye sauran ƙasar a tsohon daro na ajiye bakin magudana. Na sa buroshi da garin sabulu na bi tsagar tayil ɗin ɗaya bayan ɗaya har la'asar. Daga wannan rana kwikwiyon bai sake kuskure ba. Yana tashi ya nufi daro, ba wanda ya kai shi, ba wanda ya ce masa madalla.

Bayan kwana huɗu na roƙi Inna ta gwada. Ta fito da dardumarta da azahar, ta shimfiɗa, ta yi sallar, ta naɗe ta koma ciki. Na bi ta.

"An wanke, Inna. Kin gani da idonki."

"Na gani. Ina ruku'u idona yana neman tabo. Raka'a nawa na yi ma ban sani ba, sai da na sake a ɗaki."

Ranar da aka ga wata, bayan la'asar, mijin ƙanwata ya zo da mota. Ni na ɗora akwatunan. Kwikwiyon yana ɗaure a bakin daronsa yana kaɗa wutsiya ga duk wanda ya wuce.

An mayar da shi gona kwana huɗu bayan Sallah, ƙanena ya kwashe kayansa ya bi shi, a can yake kwana yanzu. Inna tana Azizya, a hawa na uku, tana salla a falo kusa da taga.