Hanyar da Sannu-Sannu Ya Shimfiɗa

Shekara talatin da huɗu Sannu-Sannu ya yi yana tuƙa bas a layi ɗaya, daga tashar jirgin ƙasa zuwa ƙofar babban asibiti, ya juyo. Fasinjoji ne suka raɗa masa sunan, don ko ana ta ihu a bayansa an makara, allurar gudunsa ba ta wuce inda ya saba ajiye ta. A tsawon shekarun nan ko kaza bai taɓa takawa ba. Madubi ɗaya ya taɓa fashewa a motarsa, shi ma tana tsaye wani ya zo ya goge shi.

Wata bakwai da ajiye aiki, ran nan da safe yana ɗaura agogo sai agogon ya faɗi. Ya miƙa hannu zai ɗauka, hannun ya ƙi. Kafin azahar yana kwance a asibitin nan da ya yi shekaru yana sauke mutane a ƙofarsa, ɓarin jikinsa na hagu ya shanye.

Allah ya sa abin ya zo da sauƙi. Ƙafa ta dawo, baki ya miƙe. Hannun ne kawai ya dunƙule kamar mai ɓoye wani abu. Likita ta ce masa watannin farkon nan su ne komai, in ba a motsa yatsun ba haka za su sandare har abada. Ta ba shi wata jar ƙwallon roba ya riƙa matsawa. Suna isa gida ya tura ta ƙarƙashin gado da ƙafa.

"Ni da na riƙe sitiyarin motar mutum saba'in," in ji shi, "yau ni za a ba abin wasan jarirai?"

Matarsa, wadda yake kira Maman Auta, ta fahimce shi sarai. Ta san ba ƙwallon ce ke cin ransa ba, alwala ce. Hannun dama yana wanke fuska, yana wanke hagu, yana wanke ƙafa. Amma shi damar, zuwa gwiwar hannu, wa zai wanke shi? Sau biyar a rana take tsugunawa kusa da shi a bakin famfo, ta zuba ruwa ta cuɗa masa. Duk lokacin sai ya kau da kai ya kalli bango, ya ce "Allah ya saka" da wata 'yar murya da ba ta san shi da ita ba. Ita wankewar ba ta dame ta ba ko kaɗan. Muryar ce take kai wa Ubangiji ƙara a sujjada.

Auta, 'yarsu ta ƙarshe, gyaran waya take yi a wani shago. Wata Asabar ta shigo da wani baƙin akwati a leda, ta jona shi da talabijin ɗin falo, ta ɗora wa uban rimot a cinya. Rimot ɗin yana da 'yan sanduna biyu da ake murzawa da babban yatsa, ɗaya dama ɗaya hagu.

"Baba, tseren mota ne. Dama totur da birki, hagu sitiyari."

"Hagu," ya maimaita, ya harare ta. "Uwarki ce ta aiko ki ko likita?"

"Ni dai na ce bari in ga ko da gaske ka iya tuƙi."

Wannan maganar ce ta sa ya karɓa. Ta kama babban yatsansa na hagu ta ɗora a kan sandar. Motoci suka tashi da ƙara, kowa ya yi gaba, tasa tana tafe a gefen hanya kamar ta ɗauko ƙwai. Ya zo na ƙarshe, ya tura rimot ɗin gefe.

"Wannan ai ganganci ne. Kuma wanda ya yi hanyar nan bai taɓa tuƙa ko amalanke ba. Wa ke sa kwana a gindin gangara ba alama?"

"To ka yi taka mana," in ji Auta.

Ta danna wani wuri, motocin suka ɓace. Sai ga fili fetal, a ƙasa an jera gutsattsarin hanya: miƙaƙƙiya, kwana, hawa, gangara, gada, har da bishiyoyi da fitilu da 'yan rumfuna. Ta ce nan ne 'yan wasa ke shimfiɗa hanyarsu da kansu, in sun gama su saka ta inda kowa zai iya shiga ya yi tsere a kai. Da dama ake zaɓo gutsuren, da hagu ake juya shi ya zauna daidai.

Maman Auta tana ninke kaya a kujerar baya, ta ga ya gyara zama.

Ranar gutsure uku ya shimfiɗa cikin awa guda, gumi har cikin kunne. Yatsan sai ya zame, kwanar ta juya ta kalli inda ba a aike ta ba. Ya yi tsaki ya fi a ƙirga, amma bai ajiye ba. Washegari bayan ya karya, shi da bakinsa ya ce a kunna masa.

Maman Auta ba ta tambaye shi wace hanya yake yi ba. Da ta ga shataletale, sannan hawa, sannan fitila biyu a jere, ta gane. Layinsa ne.

"Maman Auta, bayan gidan mai, kantin magani ne ko bishiya?"

"Bishiya tukuna. Kantin sai an wuce kwalbati."

"Kin tabbata?"

"Kai hanya kake kallo, ni gefenta nake kallo."

Ya nemi rami a cikin kayan bai samu ba, ya ce hanyar da ba rami ƙarya ce, ya sa tudu a madadinsa. Kowace tasha ya kafa mata rumfa, goma sha ɗaya cif. Ta bakwai ya ƙara mata benci da bishiya ɗaya.

Kwandasta, wanda suka yi shekara ashirin tare a mota, yanzu shi ma furfura ta cika masa kai, yakan leƙo ran Talata. Ya tsaya a ƙofar falo ya riƙe ƙugu.

"Oga, ashe aikin kwangila ka koma? Yaushe za a buɗe titin mu zo yanka kirtani?"

"In an buɗe ma ba za ka gani ba. Kai da ka ƙare aikinka kana gyangyaɗi a bakin ƙofa."

"Yo motar da ba ta gudu ai dole ta sa barci! Hajiya, wallahi akwai ranar da wata tsohuwa ta ce in sauke ta, sauri take."

Suka yi dariya, har shi. Maman Auta ta lura yana dariyar ne yatsansa yana kan sandar, bai zame ba.

Sati shida ya gama. A lokacin babban yatsa da manuni sun saki, sauran ukun suna nan a lanƙwashe, kuma har yanzu ita ke wanke masa dama. Sai Auta ta zo da sharaɗin da ba ta faɗa ba tun farko: na'urar ba ta karɓar hanya sai wanda ya yi ta ya tuƙa ta da kansa daga farko har ƙarshe, bai fita daga kwalta ba, kuma kafin agogon da ke saman allo ya ƙare.

"Daidai ne," ya ce. "Wanda ya yi hanya ya fara bin ta."

Ya tashi mota. Yana isa rumfar farko ya ja gefe ya taka birki. Ya ɗan jira, ya tashi. Rumfa ta biyu ma haka.

"Baba, me kake yi?"

"Tasha ce."

"Ba kowa fa a wurin!"

"In ba ka tsaya ba ta ina za ka san ba kowa?"

Agogo ya ƙare bai kai rabi ba. Kwandasta ya yi dariya har da faɗowa daga hannun kujera. Kwana uku ana fama kafin ya yarda ya riƙa wuce tashoshin, kuma duk wadda ya wuce sai ya danna hon kamar mai ba da haƙuri.

Sannan ga kwanar gada. Doguwa ce, ta lanƙwasa hagu tun daga hawan gadar har saukarta, kuma ya yi ta yadda take a zahiri. Sai an tura sandar an riƙe ta cak, ba ƙari ba ragi, riƙon kuwa ba na yatsa ɗaya ba ne, sai tafin hannu duka ya tallafe rimot ɗin. Kullum a tsakiya hannun ke rawa, mota ta daki ƙarfen gada. Auta ta ce ya rage kwanar, danni biyu ne. Ya ce ba shi ya yi gadar ba balle ya miƙe ta. Ta ce ya kawo ta tuƙa masa, ba wanda zai sani. Ya dube ta, ta bar zancen.

Haka ya yi ta yi, bayan karin kumallo zuwa azahar, sati uku. Wata rana da hantsi Maman Auta ta ga ƙaramin yatsansa ya zagaya bayan rimot ya kama. Ta sunkuyar da kai ta ci gaba da jan carbinta, ba ta so ya ga ta gani. Ranar ya fita daga kwanar gada lafiya. Saura ƙiris ya kai ƙofar asibiti agogo ya ƙare.

Ya sake, haka. Ya kuma sakewa, haka. Daƙiƙa biyar, daƙiƙa huɗu.

Maman Auta ce ta ga inda daƙiƙoƙin nan suke tafiya. Duk tashoshin ya daina tsayawa, ban da ta bakwai, mai benci da bishiya. Nan ne ta yi shekaru tana tsayawa da kular abincinsa ƙarfe ɗaya da kwata, wani lokaci da goyo, wani lokaci da lema, ta miƙa masa ta taga ya miƙo mata ta jiya. Ko da ba mai sauka, ko da fasinjoji na zage-zage, bai taɓa wucewa ba. Yanzu ma ba da niyya yake yi ba, yatsan ne ke zuwa birki da kansa.

Ran Talata, Auta da Kwandasta suna zaune, ya sake tayar da mota. Maman Auta ta jawo kujerar roba ta zauna daidai bayansa. Shataletale, hawa, fitila biyu, gidan mai. Bishiyar nan ta ɓullo a gefen allo, ta ga yatsansa ya ɗaga zai sauka kan birki. Ta ɗora hannu a kafaɗarsa.

"Direba, wuce. Yau ina ciki."

Bai juyo ba. Ya danna hon sau ɗaya, ya wuce.

Ya hau gada. Hannun ya yi rawa, ya kuma tsaya. Motar ta bi kwanar tsaf kamar da ma can a kanta aka haife ta, ta sauka, ta miƙe zuwa ƙofar asibiti, saura daƙiƙa biyu a agogo.

Kwandasta ya bubbuga jikin kujera da tafin hannu yadda yake buga jikin bas. "Ƙarshen layi! Kowa ya sauka! Oga, yau ce rana ta farko da ka iso kan lokaci."

Auta tana dariya tana share ido da bakin mayafi. Ta saka hanyar inda mutane za su gani. Daga baya takan karanto masa abin da suke rubutawa, wani ya ce tudun nan mugunta ce, wani ya tambayi wane ne ya ƙera kwanar gadar, ya sha wuya a kanta amma ya kasa daina komawa.

Amma ranar dai, ana cikin hayaniyar aka kira azahar. Maman Auta ta cika buta ta bi shi bakin famfo, ta tsuguna inda ta saba. Ya wanke fuska. Ta nannaɗe hannun rigarta ta miƙa hannu.

"Ke dai zuba," ya ce.

Ta zuba. Hannun hagu ya taso a hankali, yatsu biyar a buɗe, biyun ƙarshe ba su gama miƙewa ba. Ya kama tsintsiyar damar, ya shafo har gwiwar hannu, ya koma, ya sake, sau uku. Bai kalli bango ba.

"Alhamdu lillahi," in ji ta. Ruwan yana ta zuba, ta manta ta ɗaga butar.

"Maman Auta, za ki ƙarar da shi," ya ce da muryarsa ta da. "Saura hagu da kai da ƙafa."