Gildo Marzan, Mai Tsibiri

Tsibirin Marzan bai fi a yi atishawa a gabas a ji a yamma ba, don haka babu wanda bai san Gildo mai kamun kaguwa ba. Shekara hamsin yana tura kwalekwale a tafkin nan, shekara hamsin bakinsa magana ɗaya: sunan gidansu, Marzan, tsibirin ya ci. Wai kakan kakansa jarumi ne, ya gudo daga tudu lokacin yaƙi, ya kafa turaku cikin taɓo ya yi gari. Yadda aka yi jarumi ya gudo, Gildo bai taɓa tsayawa bayani ba.

Malamin makaranta ya ce sunan na wata iska ce mai busowa daga arewa. Gildo ya yi shekara tara bai gaishe shi ba. Matarsa Nerina kaɗai ke iya masa. Duk ranar da ruwa ya shigo gari sai ta ce, "Mai gari, tunda tsibirin naku ne, ce wa ruwan nan ya fita mini daga ɗakin girki."

Da majalisar gari ta ce za ta kafa dutse a tashar jirgin ruwa a rubuta asalin sunan, Gildo ya ga kakarsa ta yanke saƙa. Ya saka kwat ɗin aurensa, ya tara jama'a, ya tasa limamin coci Fada Onorio gaba sai an sauko da littattafan baftisma daga saman coci, inda ake ajiye su saboda ruwa.

"Gildo, ɗana, bari in fara dubawa ni kaɗai," in ji Fada.

"Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, Fada. Karanta kowa ya ji, musamman malam."

Fada ya karanta. Marzan na farko a littafin jariri ne, an tsince shi cikin kwandon kifi a ƙofar coci, ba uwa ba uba. Aka bi al'ada, aka ba shi sunan garin da aka same shi. Garin kuwa tun shafin farko, shekara ɗari biyu kafin kwandon, Marzan yake.

Kunya ta rufe Gildo har abin ya ba da tausayi. Can ya ce, "To wa ya rene shi?"

"An rubuta matan gari ne suka shayar da shi bi da bi," in ji Fada.

Tsohuwa Zita mai sayar da kifi ta gyara tsayuwa. "Ashe nonon kakanninmu ne a cikinka, ɗan nan. Shekara hamsin kana ɗaga mana hanci, ko na gode babu."

Iskar malam aka rubuta a dutsen. Gildo yana nan da ransa, kaguwarsa ta fi ta kowa, amma a bayan tsibiri yake ɗaure kwalekwale yanzu, ya taka taɓo har gwiwa, don kada ya bi ta tasha.